Yadda Ake Sabunta Uwar Manhajar Waya Idan Manhajar Wurin Aiki Ta Ƙi Hawa

An turo sanarwa daga wurin aiki cewa daga yanzu duk wata tattaunawar ma'aikata ta koma kan Teams, ko Slack, ko Viva Engage, wadda a da ake kira Yammer. Ka buɗe Play Store ka rubuta sunan, sai ka tarar babu maɓallin saukewa, sai wani ɗan layi da ke cewa wayarka ba ta dace da manhajar ba. Ko kuwa manhajar tana kan wayar tun bara tana aiki lafiya lau, rannan da safe ta ƙi buɗewa ƙememe, wai sai an sabunta wayar. Ita kuwa wayar ba abin da ya same ta: kira na shiga, hoto na fita tangaran, batir na kai yamma.

Matsalar tana ƙarƙashin manhajojin da kake gani, a uwar manhajar da ke tafiyar da wayar ɗungurungum, wadda masu gyara ke kira famweya. Kowace manhaja tana da mafi ƙarancin zubin Android ko iOS da za ta yarda ta hau. Microsoft, alal misali, ta kafa ƙa'idar cewa Teams na tafiya ne da manyan zubi huɗu na baya-bayan nan a Android, a iPhone kuma biyu kacal. Tunda Google da Apple kowannensu na fitar da sabon zubi duk shekara, Android 10 a 2019, 11 a 2020, 12 a 2021, haka dai har zuwa yau, to duk shekara akwai wayoyin da ake barowa a baya. Bayan wannan akwai ƙofa ta biyu da mutane da yawa ba su san da ita ba: wurin aikinka ma yana iya gindaya nasa sharaɗin, ya ce duk wayar da facin tsaronta, wato ƙaramin gyaran da ake turowa lokaci-lokaci don toshe kafofin kutse, ya tsufa ba za ta shiga asusun ofis ba, ko da manhajar ta hau.

Mataki na farko: san inda wayarka take da inda za ta iya kaiwa

Kafin ka sauke komai, ɗauki biro da takarda. A wayar Android shiga Settings, ka gangara ƙasa zuwa About phone. A Samsung sai ka ƙara shiga Software information. Rubuta abu uku: lambar zubin Android, kwanan watan facin tsaro, da cikakkiyar lambar samfurin wayar har da harafin ƙarshe. A iPhone kuma Settings ne, sai General, sai About.

Sannan ka duba abin da manhajar ke nema. A Play Store yana cikin bayanin manhajar, a App Store yana ƙarƙashin Compatibility. In wurin aikinku na da sashen kula da kwamfutoci, tambaye su kai tsaye wane zubi da wane facin tsaro suka sa a matsayin sharaɗi. Tambayar minti biyu ce, tana iya hutar da kai wahalar yini guda.

Abu na ƙarshe a nan shi ne ka gano iyakar wayarka, domin kowace waya akwai zubin da in ta kai shi kamfanin ya gama da ita. A iPhone abin a bayyane yake: 6s da 7 sun tsaya a iOS 15, iPhone 8 da X sun tsaya a iOS 16, XR da XS kuma a iOS 18, wanda daga shi Apple ta tsallaka zuwa lamba 26 a 2025. A Android kowane kamfani da nasa tsarin, sai ka nemi lambar samfurinka a shafin kamfanin da ya ƙera wayar. Idan iyakar wayar ba ta kai abin da manhajar ke nema ba, kada ka ɓata lokacinka da matakan da ke tafe, wuce can ƙarshen rubutun nan.

Wayar da ofis ya saya ya ba ka kuwa ba hurumin ka ba ce. Masu kula da irin waɗannan wayoyi suna iya jinkirta sabuntawa da gangan na tsawon makonni har sai sun gwada. Kai musu ita kawai.

Mataki na biyu: adana abin da ba ka so ka rasa

A nan nake so mu ɗan zauna, don a nan ne na taɓa cin wuya.

Sabuntawa ta yau da kullum ba ta goge komai. Amma in ta tsaya a tsakiya, wani lokaci babu mafita sai an mayar da wayar yadda ta fito daga kwali. Haka ta faru da ni wani daren Lahadi. Na adana hotuna, na adana lambobin mutane, na adana hirarrakin WhatsApp, raina a kwance. Wayar ta maƙale a tambarin kamfani tana kunna kanta tana kashewa, dole na goge ta. Da safe na sauke manhajar ofis, na sa adireshi da kalmar sirri, sai ta ce in amince da shigar ta manhajar tantancewa, wadda ke tabbatar da cewa mai asusun ne ke shiga. Manhajar tantancewar kuwa ta tafi tare da abin da na goge. Na koma kwamfuta, ita ma abin da ta nema ke nan. Taron ƙarfe tara ya wuce ina kallon akwatin da ke jiran lambobi shida, sai da azahar aka samu wanda zai sake yi mini rajista. Tun daga ranar, duk wanda ya ce mini zai sabunta waya, abin da nake fara tambayarsa ke nan.

Don haka ka fara da manhajar tantancewa. In Google Authenticator kake amfani da ita, tun 2023 tana iya ajiye lambobinka a asusun Google, sai ka tabbata ka kunna wannan. Akwai kuma hanyar fitar da su ta lambar QR zuwa wata waya. In Microsoft Authenticator ce, kunna ajiyarta, amma ka sani asusun wurin aiki ba ya dawowa cikakke daga ajiya, sai an sake tabbatar da shi. Maganin abin shi ne tun wayar na lafiya ka shiga shafin tsaron asusunka na ofis ka ƙara hanya ta biyu ta tantancewa, kamar lambar waya, in ofishinku ya yarda da hakan. In an ba ka lambobin ko-ta-kwana, rubuta su a takarda.

Na biyu, ka tabbata ka san kalmar sirrin asusun Google ko na Apple da ke kan wayar, sani na gaske, wato ka gwada shiga da ita a wata na'urar ka ga ta buɗe. Wayar Android da aka goge ba ta hanyar Settings ba, ba za ta buɗe ba sai an sa asusun da ke kanta a da. An yi wannan ne don ɓarayi, amma mai wayar da ya manta kalmar sirrinsa ma ba ya tsira. IPhone ita ma haka take.

Sauran masu sauƙi ne. Kunna ajiyar Google ko iCloud ka danna a yi ta yanzu, ka jira ta gama. Yi ajiyar WhatsApp daban daga cikin manhajar. Hotuna da bidiyon da ba ka son rabuwa da su, kwashe su zuwa kwamfuta.

Mataki na uku: gurbi, caji da intanet

Babban zubi yakan kai gigabait biyu zuwa shida ko fiye, kuma wayar na buƙatar ƙarin wuri don warware shi. Ni dai ba na farawa sai na ga akwai gigabait 10 a sake. Caji ya haura kashi 50, kuma ka bar wayar a jone. Yi amfani da Wi-Fi mai ƙarfi, ka kashe VPN in kana da shi. Ka zaɓi lokacin da za ka iya rabuwa da wayar na awa guda, ba daren da gobe da safe kake da taro ba.

Mataki na huɗu: sabuntawa daga cikin wayar

Wannan ita ce hanyar da ta ishi mafi yawan mutane. A Samsung: Settings, Software update, Download and install. A Pixel, wayar Google, da wayoyi da dama irin su Motorola, Tecno da Infinix, tana ƙarƙashin System a cikin Settings. A Xiaomi da Redmi ka shiga About phone ka danna tambarin MIUI ko HyperOS da ke sama. A iPhone: Settings, General, Software Update.

Danna saukewa, in ta gama ka amince a girka. Wayar za ta mutu ta tashi, ka ga tambari da wani layi yana tafiya a hankali. Wani lokaci layin zai tsaya wuri guda minti goma har ka fara zargin ta lalace. Kada ka taɓa ta. Kada ka danne maɓallin kashewa. Bayan wayar zai yi ɗumi, wannan ba komai ba ne. Wasu sabbin wayoyin Android ma suna girka sabon zubin a gefe kana ci gaba da amfani da su, sai a ƙarshe su nemi ka sake kunnawa sau ɗaya.

Ga inda mutane ke yin kuskure: suna yi sau ɗaya su ce sun gama. Wayar da ta shekara biyu ba a sabunta ta ba, sabuntawar kan zo mata ne a jere, wannan sai an girka waccan. Bayan ta tashi, koma wurin ka sake dubawa. Ka yi ta maimaitawa har sai ta ce babu saura, ko da sau biyar ne. Daga nan, a Android 10 zuwa sama, akwai wata sabuntawa daban mai suna Google Play system update, wadda ke zuwa daga Google kai tsaye. Rubuta sunanta a akwatin bincike na Settings, ita ma ka yi ta.

In ka ga tayin shiga zubin gwaji, wanda ake kira beta, ƙyale shi. Wayar da kake neman abinci da ita ba ta gwaji ba ce, kuma wasu ofisoshi suna toshe irin wannan zubi.

Mataki na biyar: in wayar ta ce babu sabo alhali akwai

Kamfanoni ba sa sakin sabon zubi ga kowa rana ɗaya. Suna bi ƙasa-ƙasa, wani lokaci ma sai kamfanin layin da aka sayi wayar ta hannunsa ya amince. In zubin bai daɗe da fitowa ba, haƙurin mako biyu ko uku na iya wadatarwa. In kuwa ya yi watanni, ko sabuntawar na yankewa a hanya, sai a koma kwamfuta.

Mai Samsung ya girka Smart Switch a kwamfuta daga shafin Samsung, ya jona wayar da igiya mai kyau. In akwai sabon zubi, maɓallin Update zai bayyana da kansa.

Mai iPhone ya jona ta da Mac ya buɗe Finder, ko kuma a Windows ya yi amfani da Apple Devices ko iTunes. Wayar za ta tambaya ko ka amince da kwamfutar, ka amince, ka danna Check for Update. In iPhone ɗin ta riga ta maƙale a tambarin Apple, daga iPhone 8 zuwa sama ga yadda ake yi tana jone: danna maɓallin ƙara sauti ka saki, danna na rage sauti ka saki, sannan ka danne na gefe har sai hoton kwamfuta da igiya ya fito. Kwamfutar za ta ba ka zaɓi biyu. Update yana gyarawa ya bar maka kayanka, Restore yana share komai. Fara da na farko.

Mai Pixel yana da hanya mai tsabta, domin Google na ajiye cikakkun fayilolin sabuntawa a shafinta na masu haɗa manhajoji. Sauke fayil ɗin sabuntawar samfurinka, wanda ake kira OTA, da adb, kayan aikin da ke ba waya umarni daga kwamfuta. A wayar, danna Build number sau bakwai don buɗe Developer options, ka kunna USB debugging. Jona wayar da kwamfuta, a tagar rubuta umarni ta kwamfutar ka rubuta adb reboot recovery. In hoton ɗan Android a kwance ya fito, danne maɓallin kunnawa ka danna na ƙara sauti sau ɗaya, ka zaɓi Apply update from ADB, sannan ka rubuta adb sideload da sunan fayil ɗin. Wannan hanya ba ta goge komai, ba ta kuma buƙatar ɓalle makullin tashin wayar, wanda ke hana a ɗora mata famweyar da ba ta kamfani ba.

Mataki na shida: filashin da Odin, ga mai Samsung da komai ya ƙi

Odin ƙaramar manhajar kwamfuta ce da Samsung ba ta taɓa fitar da ita ga jama'a a hukumance ba, amma ita masu gyara ke amfani da ita wajen filashin, wato ɗora wa waya famweya daga kwamfuta. In zuciyarka ba ta kwanta ba, kai wayar cibiyar gyara ta kamfanin, ba abin kunya ba ne. In za ka yi da kanka, to a nan ne lambar samfurin da ka rubuta za ta yi amfani. Galaxy A52 mai lamba SM-A525F daban take da mai SM-A525M, ko da yake a ido ba ka bambanta su. Famweyar da za ka sauke dole ta dace da lambarka harafi da harafi, kuma ta zama ta Samsung ce da ba a taɓa ba.

In ka warware fayil ɗin za ka ga guda biyar, sunayensu sun fara da BL, AP, CP, CSC da HOME_CSC. Kowane ka sa shi a gurbin da ke da sunansa a Odin. A gurbin CSC ne ake tafka asara: fayil ɗin CSC yana goge wayar tas, HOME_CSC kuwa yana barin kayanka. Zaɓi na biyun. AP shi ne babba, Odin zai yi kamar ya sandare yana duba shi, ba shi minti ɗaya ko biyu. A shafin Options kada ka sa alama a Re-Partition.

Kashe wayar, danne maɓallan ƙara sauti da rage sauti tare, ka soka igiyar da ke jone da kwamfuta. Allo mai launin shuɗi-kore zai fito da gargaɗi, danna ƙara sauti don ci gaba. A tsofaffin samfura haɗin maɓallan ya bambanta. A Odin wani ɗan akwati zai yi shuɗi, a ƙasa ka ga an rubuta Added. Danna Start ka janye hannunka daga tebur. Kwamfutar ta kasance mai batir, don ɗaukewar wuta a wannan gaɓa tana iya barin wayar ba rai. In an gama, akwatin sama zai koma kore da kalmar PASS, wayar ta tashi da kanta. Tashin farko yakan daɗe.

Ka kuma sani, Samsung ba ta barin a koma baya yadda aka ga dama. A lambar famweya, alama ta biyar daga dama tana nuna matakin makullin tashi, kuma wayar ba za ta karɓi famweyar da matakinta ya gaza wanda take kai ba.

Abin da nake roƙonka kada ka yi

Wani zai ce maka ai akwai dabara: a ɓalle makullin tashin wayar, a ɗora mata Android ɗin da wasu suka haɗa, irin su LineageOS, sai tsohuwar waya ta samu sabon zubi. Gaskiya ne ana yi, kuma ina girmama masu wannan aiki, sun raya wayoyi da yawa da kamfanoni suka yasar. Amma ga mai neman shiga manhajar ofis, garin neman gira ne za a rasa ido. Manhajojin aiki da na banki suna tambayar Google ta hanyar wani tsarin bincike mai suna Play Integrity ko wayar na nan yadda kamfani ya rufe ta, kuma Intune, tsarin Microsoft da ofisoshi ke kula da wayoyin ma'aikata da shi, da makamantansa suna iya korar duk wayar da aka yi wa rutin, wato aka karya shingayen uwar manhajarta. Sai ka samu zubin da ake nema, a hana ka shiga saboda hanyar da ka bi ka same shi. A Samsung abin ya fi muni: akwai wani ɗan fiyus na tsarin tsaronta mai suna Knox a cikin wayar da ke ƙonewa da zarar an ɗora famweyar da ba ta kamfani ba, lambar da ke nuna halinsa ta tashi daga 0x0 zuwa 0x1, kuma ba ya gyaruwa. Secure Folder da wasu abubuwan tsaro sun tafi ke nan, ko da ka mayar da ta asali.

Haka nan tsohon zubin manhajar da ake samu a matsayin fayil ɗin girkawa, wato APK, a shafukan da ba a san masu su ba. Kalmar sirrin ofishinku za ka rubuta a ciki, da takardun abokan aikinka. Ko ya hau ma, sau da yawa uwar garken kamfanin ba ta amsa masa.

Bayan wayar ta tashi

Koma About phone ka ga lambar ta canza. Buɗe Play Store ka sabunta duk manhajojin da ke jira, musamman Chrome da Android System WebView, don shafin shiga asusu a manhajoji da yawa ta kansu yake buɗewa. In har yanzu Play Store na cewa wayar ba ta dace ba, tsohon bayani ne ya riƙe: shiga Settings, Apps, Google Play Store, Storage, ka share ma'ajiyar wucin gadi, ka sake kunna wayar.

Wasu ofisoshi za su ce ka fara girka Company Portal, manhajar da ke yi wa waya rajista da ofis, ko makamanciyarta. A Android wannan yakan buɗe sashen aiki daban a wayar, inda manhajojin ofis ke ɗauke da alamar 'yar jaka. In haka tsarinku yake, daga Play Store mai alamar jakar za ka sauke manhajar, in ka sauke ta a ɗaya ɓangaren za ta iya ƙin shiga. Mutane kan tsorata da wannan, amma a tsarin sashen aiki ofis ba ya ganin hotunanka da saƙonninka na ɓangaren kanka, abin da ke cikin jakar kawai yake iko da shi. Duk da haka karanta abin da aka nuna maka kafin ka amince.

Daga Android 13 manhaja sai ta nemi izini kafin ta turo sanarwa, to ka ba ta. Sannan ka cire ta daga cikin waɗanda wayar ke kashewa don tanadin batir, in ba haka ba saƙon shugabanka zai iso bayan awa uku. Kwana biyu na farko batir zai riƙa saurin sauka yayin da wayar ke daidaita kanta. Ka sa wani abokin aiki ya turo maka saƙo allo na kashe, ka ga ko ya shigo.

In wayar ta kai iyakarta

Teams da Slack da Viva Engage duk suna buɗewa a burauzar kwamfuta, wannan zai riƙe ka na ɗan lokaci. Ka kuma faɗa wa ofis a rubuce cewa wayarka ba ta cika sharaɗin da suka sa ba. A ganina wanda ya wajabta manhaja shi ya kamata ya yi tunanin na'urar da za ta ɗauke ta, kuma wurare da yawa suna ba da waya ko tallafi in an tambaya.

In sayen wata ya zama dole, kafin ka tambayi ƙarfin kyamara ka tambayi shekara nawa kamfanin ya yi alkawarin sabunta ta. Google ta yi wa Pixel 8 alkawarin shekara bakwai a 2023, Samsung ta yi wa Galaxy S24 irinsa a 2024, wayoyi masu araha da yawa kuwa zubi ɗaya ko biyu suke samu su tsaya. Lissafin yana farawa ne daga shekarar da samfurin ya fito kasuwa, don haka in ta hannu za ka saya, nemi shekarar fitowarta ka cire abin da ya riga ya wuce. Kuma kada ka goge tsohuwar wayar sai ka ga manhajar tantancewa ta yi aiki a sabuwar, ka shiga asusun ofis da ita sau ɗaya.